Kwalbar Hassana

Zuwa ga Babban Likita mai zuwa rangadi ƙasarmu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Sunana Mamman, maɗinki ne ni a Wagini. A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu, sai ka yi haƙuri da hannuna.

Na farko, ina jinjina wa dokar ɗakin shan maganin da kuka gina mana, cewa wanda bai zo da kwalbarsa ba, ba a duba shi. Madalla da wannan tsari. Ranar kasuwar Batsari muka kawo Hassana, ɗaya daga cikin tagwayenmu, 'yar wata huɗu. Mura ce ta sauka mata a ƙirji, numfashinta na fito, haƙarƙarinta na lotsawa, ta ƙi nono. Malamin asibiti bai dubi yarinyar ba, hannuna ya duba. Na bar uwarta a gindin bishiyar bedi, na shiga kasuwa na samo kwalbar man gyaɗa na wanke. Kafin in dawo malam ya kulle ƙofa ya hau kekensa. Lallai ma'aikacinku ya san lokacin tashi. Washegari da hantsi muka binne ta.

Na biyu, da ka zo rangadi daga baya, ina cikin taron da tafinta ya faɗi bayaninka. Ka ce wannan ciwon ƙirji na jarirai ba shi da maganin sha ko allura. A riƙa ba da nono kaɗan-kaɗan a kai a kai, a share hanci da ruwan gishiri, a riƙe yaro a kafaɗa, a nisanta shi da hayaƙi, in ya ƙi nono a garzaya babban asibiti. Ashe magana kawai muke bukata. Ranka ya daɗe, a wace irin kwalba ake zuba magana? Na san kwanan Hassana ne ya ƙare, amma tun ranar zuciyata ke ƙuna.

Roƙona biyu ne. A riƙa duban yaro kafin a dubi hannun ubansa. A kuma koya wa malamin bayanin nan, ko ta taga ne ya faɗa wa uwa.

Shekaranjiya Usaina ta fara tari. Muna yi mata duk abin da ka ce. In abin ya ƙi, za mu zo. A gaya wa malam kada ya damu, kwalbar 'yar'uwarta tana nan a wanke, tun ranar ba a zuba komai a cikinta ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya raya maka naka 'ya'yan.

Wassalam.