Kifin Zobe da Aka Tsallake a Lissafin Hayar Gidana

Zaharaddin Talha,
Birchi, Ƙaramar Hukumar Kurfi.
14 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga:
Shugaban Kwamitin Lamuni,
Ƙungiyar Gama-Kai ta Tudun Albarka,
Dutsin-Ma.

Ranka ya daɗe,

Game da: Kuskuren kimanta ribar gidan haya bayan sabunta lamuni

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ga ƙorafina:

1. A watan Janairun 2024 ƙungiya ta sabunta mini lamunin gidana mai ɗaki takwas da ke hanyar madatsar ruwan Zobe, ta tsawaita wa'adin biya. Da rarar kuɗin da hakan ya bar mini na haƙa rijiyar burtsatse, na canja kwano. Sharaɗi shi ne, in ribar shekara ta gaza kashi goma cikin ɗari, za a damƙa gidan ga dillalin ƙungiya.

2. Ranar 26 ga Fabrairu, 2025, jami'inku Malam Zubair ya zo kimantawa. Kashi bakwai ya rubuta. Ɗakuna uku ya ce babu haya a kansu.

3. Akwai haya. Biyu manoman rani ne ke ciki, da albasa da shinkafa suke biya in sun girbe. Na ukun na Inna Hassana ne, mai sana'ar bandar kifi, ita kuwa kwandon kifi take kawowa duk wata. Haka marigayi mahaifina ya tsara da su. Da na dawo daga karatu a Malesiya na so in mayar da su biya ta banki. Kallo ɗaya Inna ta yi mini, na bar zancen.

4. Kayan nan a kasuwar Dutsin-Ma nake sayar da su, masu saye suna nan da ransu. In an haɗa, ribar ta kai kashi goma sha biyu.

5. Malam Zubair ya ce ba a ba shi gurbin rubuta kifi a takardar kimantawa ba. Amma ranar a gidan ya ci abincin rana, shinkafa da miyar kifi, har da ƙari. Wato hayar watan Fabrairu ya ci, ya wanke hannu, ya rubuta babu ita. Ba na zarginsa da mugun nufi. Kifin da daɗi.

Ranka ya daɗe, dillali ba ya karɓar albasa. Ranar da gidan ya shiga hannunsa, mutanen nan uku zai fara kora, kuma Inna a tsakar gidan ta goya ni.

Saboda haka ina roƙon a dakatar da damƙa gidan, a sake kimantawa kafin zaman kwamiti na 28 ga Afrilu, a lissafa amfanin gona da kifi bisa farashin kasuwa. In Malam Zubair za a sake turowa, marhabin da shi. Sai dai ya zo da sikeli, a auna kafin a zuba abinci.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Zaharaddin Talha