Wai hanta ba nama ba ce

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zafin Jidda? Ya mai ɗakinka da yara? Mu nan Hasahisa lafiya lau, sai dai jikin Baba.

Ƙafar nan tasa ce ta sake tashi. Babban yatsan ya kumbura ya yi jawur, ko mayafi bai yarda ya taɓa shi, salla ma a zaune yake yi. Diktor ya auna jininsa ya ce nigris ne, wai wani gishiri ne nama ke tarawa a jini ya kwanta a gaɓoɓi, in aka yi sake har ƙoda yake taɓawa. Ya hana shi jan nama da zaƙi, ya ce ya yawaita shan ruwa.

To, ka san Inna. Sai ta koma dafa masa hanta kullum, wai kayan ciki ba nama ba ne, abincin majinyaci ne. Da diktor ya ji haka, kai ya riƙe. Ashe kayan cikin su suka fi illa. Inna har da kuka.

Baba kuwa yana samun sauƙi ya koma gashin tsirensa na agashe a kasuwa. In na yi magana sai ya ce, "Ba ci nake ba, Hauwa, yaji nake ɗanɗanawa."

Ka gaida mutanen gida, ku sa Baba a addu'a. Kuma don Allah ka kira shi, kai yake jin maganarka. Babbar Salla ta matso, rabin unguwa shi ke gasa masu naman layya, kuma kowa hanta yake ba shi tukwici.

Ƙanwarka,
Hauwa