Babban Malami Mai Wankin Daɓe

Litinin, 6 ga Maris 1922

An ba Barau makarantar Gumel. Barau! Ni Gudaji da na share ɗakin nan tun babu allo ko ɗaya a ciki, an ce in zauna mataimaki. Wai shi ya ga duniya. Da can shi ke kai saƙo tsakanin fada da Joji, Baturen mulki, da yaƙin Jamus ya tashi ya bi jirgin ruwan Nasara daga Lakwaja. Har yanzu wai sunansa na wurinsu, in an sake yaƙi za su kira shi. Allah Ya sa su kira shi gobe. Ni da na yi dillancin raƙuma a Maigatari, wace duniya ce ban gani ba?

Alhamis, 9 ga Maris

Ya rataya ƙararrawa a jikin kurna. Akwai ta shiga, da ta fita, da ta shan ruwa. Saura ta atishawa.

Talata, 14 ga Maris

Yau na ga abin da ya fi ƙararrawa. Ya ce kowace safiya a kwara wa ɗakin karatu ruwa, a goge shi da tsintsiya, haka ake yi wa jirgi. Jirgi katako ne, bawan Allah. Wannan daɓe ne, bangon kuma na ƙasa. A garin da sai igiyar guga ta ƙare kafin ka ji ta taɓa ruwa! Bakina ya buɗe zai yi magana, na rufe shi. Na ce, "Madalla, Malam, tsabta ai ba ta da na biyu." Har ya yi mini godiya.

Asabar, 25 ga Maris

Iya Kyauta, wadda rijiyar unguwa ke ƙofar gidanta, ta tare ni. "Gudaji, ku 'yan boko ƙasa kuke yi wa wanka? Akuyata ba ta sha ba!" Na ce, Iya, ni wane ne? Amma ƙofar Wakilin Sarki a buɗe take. Ban ce ta je ba. Hanya kawai na kwatanta mata.

Gindin bangon gabas ya fara laushi. Na sa babban yatsa, ya shige. Ban gaya wa kowa ba. Aikina ne?

Laraba, 5 ga Afrilu

Bayan an tashi na tarar da shi shi kaɗai yana goge lungun da aka bari. Mutum da rawani, a durƙushe. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara. Wai a jirginsu atuni ya shiga, abokan aikinsa suna ta mutuwa, babu ƙasar da za a haƙa, sai a naɗe mutum a tabarma a ba ruwa. Da aka kama wankin jirgi safe da yamma sai ciwon ya tsaya. "Malam Gudaji, 'ya'yan mutane ne a hannunmu."

To, ni na kashe su? Me ya sa zai gaya mini wannan? Ya ɓata mini cin tuwo.

Litinin, 10 ga Afrilu

Bangon gabas ya zube da hantsi. Allah Ya kiyaye, ƙararrawar shan ruwa ta fitar da kowa. Wannan ƙararrawar dai.

Ya tsaya kan ɓaraguzai, ya ɗebi ƙasar a hannu, jiƙaƙƙiya. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan ƙasar nan ne fiye da ni yanzu. Da ma ka san za a yi haka?" Na ce ni raƙumi na sani, ba gini ba. Ya zubar da ƙasar, ya juya wajen yara. Da ma zagina ya yi.

Wakili ya kira mu jibi. Iya ta riga ta kai ƙara. Kowa na cewa makaranta ta zama tawa.

Laraba, 12 ga Afrilu

A gaban Wakili Barau ya cire hula da rawani, ya ce laifinsa ne shi kaɗai. Wawa! Ko a kasuwar awaki ba a fara ciniki haka. Wakili ya juyo: "Gudaji, me ka gani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gara ce. Ta cinye bangon nan tun kafin Malam ya zo." Na kawo tsohuwar azara daga bayan ɗakina, duk huji, shaida. Iya ta ce, "Kai, Gudaji, ka ji tsoron Allah!" Na ce, Iya, daga yau tulu ɗaya za mu ɗiba, ragowar na akuya. Ta janye ƙararta. An bar masa makaranta.

Kada wani ya ɗauka wani abu ne. Wa ke son sarautar ɗaki mai bango uku?

Da la'asar na nuna masa yadda mata ke yi: a yayyafa da hannu, ƙura ta kwanta, sannan a share. Babban malami, ko yayyafi bai iya ba, ya jiƙa mini riga. Muna kwaɓa ƙasar gini ya ce ya ji ana ƙishin-ƙishin masu jirgi za su kira tsofaffin mutanensu.

Su kira wani. Wa zai ɗauko mini tubali?