Duwatsun da Suka Dafa Shinkafar Suna

Gangaren Tudu, Keffi,
18 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga 'yata Hamdiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauƙaƙa miki sanyin Italiya, Ya yi wa karatunki albarka. Mu nan lafiya muke. Ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi. An yi sunan 'yar yayanki Sadiƙ lami lafiya, yarinya ta ci suna Mu'mina. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, domin kin san ni da nauyin baki, kuma maganar tana bukatar a jera ta daki-daki.

Kin nemi in aiko miki da duwatsu uku daga cikin waɗanda na ɗebo a tsohon dutse mai aman wuta na Kerang, a ƙasar Mangu, a shekarar 1991, ina ƙaramin ma'aikacin binciken ƙasa. Kin ce mako biyu kacal aka ba ki a kan na'urar awo cikin Janairu, idan ya wuce sai wata shekara, kuma babin ƙarshe na digirinki a kansu ya dogara. Na amsa miki cewa suna nan a ajiye. A iya sanina, gaskiya na faɗa.

Washegarin suna na buɗe buhun, ban gan su ba. A bayan gida na same su, baƙi ƙirin, cikin toka. Masu girki sun nemi duwatsun murhu na babbar tukunya, mahaifiyarki ta nuna musu buhun. Innarki Mairo har yabawa ta yi, wai ba ta taɓa ganin duwatsun da suka riƙe tukunya daram kamar waɗannan ba, in ba ta su idan na gama kallonsu. Lambobin da na rubuta da fenti duk sun ƙone.

Na zaunar da mahaifiyarki na yi mata bayani, da kalmomin da na koya daga maƙalarki. Na ce mata narkakken dutse idan yana tasowa daga ƙarƙashin ƙasa, ruwa da iskar da ke cikinsa suna ficewa, kamar yadda lemo ke hucewa idan an buɗe kwalba. Korayen ƙwayoyin nan masu sheƙi da ke jikin dutsen, waɗanda muke kira olibin, sukan rufe ɗigon narkakken a cikinsu tun yana can ƙasa, da ruwansa da iskarsa. Daga abin da ya rage a tsakiyar ƙwaya da abin da ya zurare ta gefenta kike gano ko awa nawa ya yi a hanya kafin ya fito. Wuni guda a cikin wutar itace ya isa ya sa shakka a wannan awo, ni kuwa ba zan aika miki abin da nake shakka a kansa ba. Ta ce shekara talatin da uku tana share gindin buhun nan, ban taɓa ce mata komai ba sai a bar shi nan. Wai da na buɗe baki sau ɗaya, ko kaza ba za ta bari ta hau shi ba. Na auna maganar, ban ga inda zan musa ba. Laifin nawa ne.

Saboda haka na lalubo tsohon littafin da nake rubutu a daji, Sadiƙ ya tuƙa ni zuwa Kerang. Na tarar da Yosiya, wanda ya yi mini jagora a wancan karo, yana raye, furfura ta cinye kansa. Da ya gane ni ya ce ashe har yanzu ban gama kwashe musu dutsen ba, kuma ko na samo zinaren da ya tabbata shi nake nema. Na ce 'yata ce ta aiko ni. Ya ce to yanzu ya ga babban ma'aikaci, wanda ya kai a aike shi. Ya kai ni ramin da na zana a littafin, bai ɓata ko taku ɗaya ba. Mun hau a hankali, muna hutawa, kowa yana cewa don ɗan'uwansa ya tsaya.

A bakin ramin na tuna abin da kika rubuta, cewa ƙananan tsakuwoyin da aman ya watsa sama sun fi manyan duwatsu riƙe ruwansu, domin sun huce nan take. Mu a zamaninmu babba muke zaɓa, mai cika hannu. Na ɗebo manyan daga gurbinsu na dā, sannan na durƙusa na tsince tsakuwar, jaka shida, kowace da lambarta da zurfin da na same ta. Ina tsinta ina tunanin cewa tambayar nan, ta saurin tasowar wutar, na yi ta a wannan wuri ina ɗan shekara talatin, ban sami mai amsa mini ba, har na daina faɗa. Ban taɓa gaya miki ba. Ke da kanki kika isa gare ta, kuma kin riga ni sanin abin da ya kamata a ɗauka. Ba na yawan faɗin irin wannan, amma ki sani ina alfahari da ke.

Kayan suna hannun Dakta Nelson, tsohon abokin aikina, tare da takardun izini. Zai taso daga Abuja ranar biyu ga Disamba, ya damƙa miki da hannunsa.

Sadiƙ da matarsa suna gaishe ki, haka Innarki Mairo da ƙanwarki Akrama. Yosiya ya ce a gaida mai aiken tsofaffi. Mahaifiyarki ta ce idan kin gano awa nawa ne, ita za ki fara gaya wa, ba ni ba, domin ni sai in ajiye a buhu. Ta wanke duwatsun nan uku ta adana su, ta hana Mairo. Ta ce a kansu za a dafa shinkafar walimar digirinki.

Allah Ya tsare ki, Ya dawo mana da ke lafiya.

Mahaifinki,
Mijinyawa