Marayun Haliru

Alsawra, Umdurman
9 ga Maris, 1995

Zuwa ga yayata Barira,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Malam Idirisu da yara. Yaya ƙafar taki? Kin je an duba, ko kina nan kina shafa mata man riɗi kina cewa da sauƙi? Na san halinki sarai. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara shigowa.

Albishirinki. Gidauniyar nan ta Hartum da na yi wata shida ina sintiri a ofishinta har takalmina ya cinye, ta amince za ta tallafa wa ƙungiyarmu ta matan unguwa. Yara arba'in za su riƙa karya kumallo a rumfarmu kullum, ful, wato dafaffen wake, da burodi da madara, a saya musu kayan makaranta, masu ciwo kuma a ba su katin asibiti. Ranar da takardar ta zo, Hajiya Kande shugabarmu ta rangaɗa guɗa har makwabta suka fito suna tambayar wa ta haihu.

Sai dai akwai sharaɗi, Yaya. Marayu kaɗai suke ɗauka, wato wanda ubansa ya rasu. Talauci komai tsananinsa ba ya shigar da yaro.

Kin tuna Haliru ɗan Ishaku na ƙauyenmu, mijin Mairama? Gidansu a nan unguwar yana bayan namu. Shekara huɗu ke nan da ya hau lorin Libiya neman aiki, ba wasiƙa, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi. Ya bar 'ya'yansa mata biyu, Ni'mat tana da shekara biyar, Fatna kuma tana goye. Ni'mat sikila gare ta. Watan jiya na shiga na tarar tana birgima a ƙasa don ciwon ƙashi, uwar tana ɗaure mata ƙafafu da tsumma, don ba abin da take da shi ban da tsumman.

To, ni ce mai cike takardun. A wurin uba layi biyu ne kawai, yana raye ko ya rasu. Babu layin wanda ya tafi bai dawo ba. Na daɗe riƙe da biro, sannan na sa alama a na biyu, na rubuta shekarar da ya tafi. Mairama ba ta karatu. Na ce ta dangwala yatsa, ta dangwala tana sa mini albarka. Ban faɗa mata abin da na rubuta ba, domin har yau wanke masa jallabiyarsa take yi ta ninke, kuma duk wanda ya ce mata ta fid da rai, sun ɓata ke nan.

Na gaya wa kaina shekara huɗu a sahara ai mutuwa ce. Amma tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba, shi ya sa na faɗa miki. Kada ki gaya wa kowa, har Malam.

Ki gai da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Awadiyya


Alsawra, Umdurman
20 ga Nuwamba, 1995

Zuwa ga yayata Barira,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kuma auduga ta yi kyau bana. Na ga saƙon kuɓewa da busasshen tumatir, Allah ya saka da alheri. Faɗan da kika yi mini a wasiƙarki ma na gani, ban ji haushi ba, gaskiya kika faɗa.

Yaya, Haliru ya dawo.

Ranar Juma'ar da ta wuce ta sama, da hantsi, sai ga mutum ya shigo layinmu da 'yar jaka, baƙi ƙirin, ya rame har ban gane shi ba. Ashe doguwar jinya ya yi a can, aka sace masa takardu, ya maƙale a wata gona yana aiki don abin da zai ci. Mairama ta fito ta gan shi ta zube a bakin ƙofa. Unguwa ta cika da murna, ana ta kai musu shayi da dabino. Ni ma na je na yi barka. Mace ta samu mijinta, ni kuma ina tsaye ina tunanin takarda. Kin ga irin mutumin da na zama.

Fatna ba ta san shi ba. Kwana huɗu tana ɓuya bayan uwarta, yana lallashinta da alewa, kafin bakinta ya iya cewa Baba. Ranar da ta faɗa, sai da ya zagaya gida gida yana ba da labari.

Ban san gidauniyar ta buga kalanda ba sai da abin ya zo mini har gida. Haliru ya je Kasuwar Libiya ta nan Umdurman neman aikin dako, ya shiga wani shago, ya ga hoton Ni'mat a bango tana murmushi da kofin madara. A ƙasa an rubuta da Larabci cewa marainiya ce, a taimaka. Ya roƙi mai shagon ya ba shi, ya naɗe, ya zo ya yi sallama a ƙofata.

Na so a ce ya zage ni. Da ya zage ni da na samu abin cewa, kin san bakina ba ya mutuwa. Amma zama ya yi a bakin gadon tsakar gida, ya buɗe kalandar a kan gwiwarsa, ya tambaye ni a hankali wai a wace shekara na rubuta ya rasu, don ya sani. Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ce ya ga yarinyar ta yi kumatu, kuma uwar ta ce tun da aka ba ta katin nan sau ɗaya kaɗai ciwon ya kwantar da ita. Ya tashi ya tafi.

Mairama ta daina gaishe ni. Idan mun haɗu a famfo sai ta ja mayafi ta juya.

Na kai maganar gaban ƙungiya, na ce zan je Hartum in faɗi gaskiya. Hajiya Kande ta karanto mana sharaɗin da muka sa wa hannu. Idan aka samu ƙarya a takarda ko guda ɗaya, tallafin duka ake janyewa. Yara arba'in, Yaya, kuma talatin da takwas marayu ne na gaskiya. Ba wadda ta ce in je, ba wadda ta ce kar in je. Duk suka zuba mini ido. Ga shi kuma wata mai zuwa jami'ar gidauniyar za ta zo duba gidaje.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Awadiyya


Alsawra, Umdurman
14 ga Janairu, 1996

Zuwa ga yayata Barira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, da fatan sanyi bai tayar miki da ƙafar ba. Wannan wasiƙar a hannun Haliru za ta zo miki. Ki karanta tukuna kafin ki yi masa wata tambaya.

Ban je Hartum ba. Sau biyu ina shiryawa, sau ɗaya har na hau mota na tsallake gada, na sauka a unguwar Alsahafa wajen ƙawata na sha shayi na dawo. Tsoro ne ya hana ni, ba zan ce miki tausayin yara ne kaɗai ba.

Ranar dubawa mun shirya Haliru zai wuni a kasuwa. Sai jami'ar ta zo kwana ɗaya kafin ranar da ta sa. Mace ce mai kirki, ba ta ƙyamar kowa, a ƙasa ma take zama. Muka shiga gidan Mairama, muka tarar da shi a tsakar gida yana ɗaure igiyar gado, Fatna tana kan wuyansa. Jami'ar ta tambayi ko wane ne. Na buɗe baki, Allah ya sani ban san abin da zai fito ba. Shi ya riga ni. Ya ce shi baffan yaran ne, ƙanen marigayi, ya zo daga ƙauye can yankin Jazira duba su. Ta yi masa ta'aziyya, ta ɗaga hannu a yi wa mamaci fatiha, ya ɗaga nasa ya shafa. Mairama ta shige ɗaki. Ni'mat tana tsaye jikin bango, shekararta goma, ta gane komai, kuma ni take kallo ba shi ba.

An sabunta mana tallafin na shekara biyu. Matan ƙungiya sun yi walima, na ce kaina ke ciwo. Sabon sharaɗin ya ce za a riƙa zuwa dubawa ba tare da sanarwa ba, a kowane lokaci.

Shi ya sa zai tafi. Ba wanda ya kore shi, amma ya ce Fatna ƙarama ce, ba zai koya mata ta kira shi Baba yau gobe ta kira shi wani abu ba, kuma aikin dakon da yake samu ba zai sayi maganin Ni'mat na mako guda ba. Na roƙe shi ya bari in je in tona kaina. Ya ce da zan je da tuni na je. 

Don Allah ki ce Malam ya sama masa aiki a gonar auduga, ki ba shi ɗakin zaure. Ba ya son yaji, cikinsa bai gama warkewa ba. Kada ki bari mutanen ƙauye su dame shi da tambayar me ya raba shi da iyalinsa wata biyu da dawowa.

Ɗazu da ya zo karɓar wasiƙar nan ya yi mini godiya, Yaya, ni. Sannan ya ce zai riƙa rubuto wa yaran, amma yana tsoron takarda ta faɗa hannun jami'ar, wai wane suna zai sa a ƙasa. Ya tsaya yana jira, tun da ni ce mai rubuta wa mutane abin da suke. Na ce ya sa Habibu. Ya maimaita sau biyu don kada ya manta.

Saboda haka idan ya ba ki wasiƙa ki aiko, kika ga Habibu a bayanta, tasa ce, kada ki gyara.

Ki gai da Malam da yara. Ki nema mini gafara wurin Allah, ni bakina ya yi nauyi.

Ƙanwarki,
Awadiyya