Ba Jibo ne ya ƙone sufaf ɗin ba

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Dogo ɗan Maikano, makaniken da ke zaune a Dungas, na rubuta wannan da hannuna a kakar 1957, hankalina ɗaya, ba wanda ya tilasta ni. Jiki ne ya gaza. Zuwa gare ku ƴaƴana, Maharazu da Jibo da Fadi.

Na ɗaya. Gida da gonar gyaɗa, malamai su raba muku yadda shari'a ta ce. Ban sa baki ba.

Na biyu. Moto, wato babur ɗina, na bai wa Jibo kyauta tun ina da rai, gaban liman da maigari. A kai masa labari Kano. Akwatin kile na kwance noti da ƴan siraran ƙarafan awo su bi shi.

Na uku. Duk wanda zai taɓa sufaf, wato ƙofofin nan biyu na shaƙar injin da fitar hayaƙi, ya bari injin ya huce sarai. A cire buji, wato fulogi, a sa giya, a juya ƙafar baya har fistan ya hau sama, ƙofofin duka a rufe. A zura ƙarfen awo a ratar sufaf ɗin: ya wuce da ɗan ja, kada ya cije, kada ya yi lilo. A riƙe ƙusar lokacin ɗaure noti, a sake aunawa. Ta hayaƙi ta fi son sarari. A da uwarku Yalwa ce ke juya mini ƙafar, tana tsokanata wai na fi jin maganar ƙarfe da tata. Yanzu sai in juya, in zagayo in duba, in koma. Aikin ɗan lokaci kan cinye mini hantsi, ba mai ce mini sannu.

Na huɗu, shi ne mai nauyin. Ran da kububuwa ta sari uwarku a gona, Jibo ya hau moto zuwa Magarya neman likita, injin ya mutu masa a tsakiyar hanya, ya ƙarasa da ƙafa. Kafin ya komo an binne ta. Kai Maharazu ka ce gyaran da ya yi ana saura kwana uku ne ya ƙone sufaf, ka faɗa masa gaban masu zaman makoki. Ba haka ba ne. Gyaransa daidai yake. Ni ne na ji ɗan ƙas-ƙas ya dame ni, na raina hannunsa, na bi bayansa na matse ratar, injin kuwa da zafinsa. Da ka yi maganar ina zaune, na sunkuyar da kai. Shekara bakwai ke nan ban buɗe baki ba, shi kuma bai sake taka Dungas ba. Ajali na Allah ne, amma shirun nawa ne.

Jibo, ka yafe mini. Maharazu, ka tafi Kano da ƙafarka, kada ka aika. Kai ne babba, ka fara sallama.

Na biyar. Fadi, ke kaɗai kike zuwa daga Waca kina share mini ɗaki. Ki karanta musu wannan, ko ki sa a karanta, su biyun suna zaune kan tabarma ɗaya.

Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan Yalwa. Ku riƙe zumunci, ku riƙa cin tuwon salla a gidan nan. A sa ni kusa da ita in akwai wuri.