Na sallama saniyar yayata, ba ta sani ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfina.

Ni dillalin bisashe ne a kasuwar Tawa, na haura arba'in kafin na shiga lakwal, wato makarantar manya. Da yake muna hulɗa da 'yan Najeriya, mushe, wato malaminmu, yana koya mana Ingilishi kaɗan-kaɗan. Ran nan ya ba mu kalmar desirable, ya ce ana faɗinta ga abu mai kyau wanda kowa zai so ya samu, sai kowa ya je ya yi jimla da ita.

A gidana akwai wata jar saniya, irin shanun azawak, ta yayata ce da ke Afala. Mijinta ya rasu, saniyar kaɗai ta rage mata, ta kawo mini ita in ciyar har ruwa ya sauka. Na ɗauke ta foto, na rubuta jimlata a ƙasa da hannuna cewa saniyar nan desirable ce, na sa a status. Wallahi burina kawai a ga na iya rubutu. Na manta cewa dillali ba ya yabon dabba a fili sai in ta sayarwa ce.

Ran Lahadi ubangidana, wani Alhaji daga Sakkwato wanda ya ɗaga ni a sana'ar nan, ya tare ni cikin mutane yana dariya, wai Bature ya iso, ina jar nan? Ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, abokai suna zuga ni, ya kama hannuna bai saki ba. Kunya ta hana ni cewa ba tawa ba ce, sai na ji bakina ya ce na sallama. Kun san a kasuwarmu wanda ya sallama gaban shaidu ya janye, ba mai sake ba shi igiyar dabba ya sayar masa.

Matata ta ce na ci amana, ba ta ƙara mini magana ba. Lahadi mai zuwa kamiyon Alhaji, babbar motarsa, zai zo ɗaukar saniyar. Jiya Yaya ta kira ni tana tambaya ko saniyar na cin dusa, ta ce tunda tana hannun autanta, barci take har da minshari. Na ce mata lafiya lau.

In janye in rasa kasuwa, ko in je Afala in roƙe ta? Na san Yaya, in na roƙa za ta ba ni, kuma shi ne abin da nake tsoro. Ya zan yi?